Gano Kurakuran Rarrabewa a Taswirar Ma'ana da Gyara Su: Misalai Daga Lugu da Ƙasar Arewa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shirya ƙamus na wani fanni, ko littafin karatun manya, ko takardar ƙidaya, ya san cewa kafin a rubuta kalma sai an yanke shawara a kan rukunin da za a sa ta. Maraƙi ya shiga cikin dabbobi, Lugu ta shiga cikin garuruwa, Sarauniya ta shiga cikin sarautu. Galibi da ka ake yin wannan aikin, ba tare da an tsaya neman dalili ba, domin a ganin mai yinsa abu ne da yake a fili. Muddin aikin yana kan takarda, kuskuren da aka yi bai cika yin ɓarna ba, tun da mai karatu yana da hankalin da zai gyara wa kansa. Amma da zarar an zuba shi a cikin kwamfuta, to, zance ya sake. Na'ura abin da aka ba ta shi take bi, ta fitar da hukunci daga gare shi, ta kuma maimaita shi ga duk wanda ya tambaye ta.

A nan Nijar mun daɗe muna fama da batun haruffa da ƙa'idojin rubutu. Taron Bamako na 1966 ya daidaita baƙaƙe, makarantar gwaji ta Damagaram ta soma koyarwa da Hausa a 1973, an kafa INDRAP a 1974, hukuma kuma ta tabbatar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1999. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan aikin da ke gabanmu ya wuce na harafi, ya kai ga na ma'ana: yadda za a tsara kalmomin mulki, da na noma, da na kiwo, da na tarihi, a cikin rumbunan bayanai waɗanda ma'aikata za su dogara da su.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mafi yawan kurakuran rarrabewa tushensu ɗaya ne, watau rashin bambanta abin da abu yake a asalinsa da halin da ya shiga na wani lokaci ko ta dalilin wani. Za mu ɗauki misalanmu daga Lugu da sauran ƙasar Arewa, a gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Doso, domin kalmomin wannan yankin sun sha rarrabewa iri-iri a hannun marubuta.

2. Taswirar ma'ana da ilimin samuwa

Abin da muke kira taswirar ma'ana zane ne da ke nuna rukunonin abubuwan da ke cikin wani fanni da dangantakar da ke tsakaninsu. Shi ake fara yi kafin a gina rumbun bayanai, kamar yadda magini yake shata fili kafin ya aza tubali. Idan aka ce taswirar tana bin ontoloji, wanda za mu fassara da ilimin samuwa, ana nufin ba a barin mai zane ya jera rukunoni yadda ya ga dama. Tilas ne ya faɗi wane irin rukuni ne kowane ɗaya, kuma ya bi ƙa'idojin da suka hau kan irinsa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tushensa yana cikin aikin Aristo, da kuma gabatarwar da Furfuriyus ya yi masa a ƙarni na 3, wadda Larabawa suka sani da sunan Isaguji. Ta hanyar taƙaitawar Abhari a ƙarni na 13 da Sullam na Ahdari a ƙarni na 16 ilimin mantiƙi ya shiga zaurukan malamanmu, Magili kuwa, wanda ya zo Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, shi kansa ya yi rubutu a kan mantiƙi. Kalmomin jinsi da nau'i da muke amfani da su kullum suna daga cikin kalmomin wannan ilimi. Malaman mantiƙi suna bambanta siffa ta zati, wadda abu ba ya rabuwa da ita, da siffa ta aradi, wadda take zuwa ta tafi.

Wannan bambancin ne masana kwamfuta suka farfaɗo da shi. Nicola Guarino da Christopher Welty sun bayyana hanyar tantancewa mai suna OntoClean a wata maƙala ta 2002. Giancarlo Guizzardi, ɗan ƙasar Burazil, ya gina a kanta a cikin kundin digirinsa na 2005 a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan, inda aka sami tushen harshen zane da ake kira OntoUML. Ga muhimman rukunonin da wannan tsari ya tanada, tare da sunayen Hausa da muke ba da shawarar a yi amfani da su:

(a) Asali: rukunin da abu ba ya fita daga cikinsa muddin yana nan, wanda kuma shi ke ba da hanyar gane abin da ƙirga shi. Misali: mutum, akuya, dutse.
(b) Reshe: ɓangaren asali wanda shi ma zaunanne ne. Misali: sa da saniya a cikin shanu.
(c) Mataki: halin da abu yake shiga ya fita saboda canjin da ke faruwa a jikinsa. Misali: jariri, yaro, dattijo.
(d) Matsayi: halin da abu yake shiga saboda dangantakarsa da wani abu dabam. Misali: amarya, kishiya, ɗalibi.
(e) Ƙulli: abin da ya haɗa masu matsayi, wanda shi ma yana da farko da ƙarshe. Misali: aure, naɗi, rajista.
(f) Inuwa: rukunin da ya tattara asali fiye da ɗaya. Misali: dukiya, wadda ta haɗa gona da dabba da kuɗi.

Ƙa'idoji uku ne za mu buƙata a nan. Ta farko, kowane abu asali ɗaya tak gare shi. Ta biyu, rukuni zaunanne ba ya shiga ƙarƙashin rukuni mai gushewa. Ta uku, babu matsayi sai da ƙulli.

3. Inda harshe yake ɓoye bambancin

Dalilin da ya sa kuskure yake da sauƙi shi ne harshe da kansa ba ya tilasta wa mai magana ya fayyace. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Mangu mace ce.
(2) Mangu Sarauniya ce.
(3) Sarauniya sarauta ce.
(4) Karsana saniya ce.

Ginin jimlolin ɗaya ne, amma dangantaka huɗu ce dabam-dabam. A (1) an sa mutum cikin rukuni zaunanne, a (2) an ba ta matsayi, a (3) an sa matsayin kansa cikin rukunin muƙamai, a (4) kuwa an sa mataki ƙarƙashin reshe. Aikatau na Faransanci da ke ɗaukar aikin "ne" da "ce" shi ma haka yake rufe su duka, don haka fassara ba ta warware komi.

Ƙirar kalma ita ma tana da nata tarkon. Ɗafa-goshin ba- da ɗafa-ƙeyar jam'i -awa suna ba da sunan ƙabila (Bahaushe, Hausawa), da na mutanen gari (Bakano, Kanawa), da na masu sana'a (baduku, dukawa), da na masu muƙami (bafada, fadawa). Ɗafa-ƙeyar -anci tana ba da sunan harshe (Zabarmanci), da na sana'a (dukanci), da na ɗabi'a (fadanci). Mai zanen da ya tara duk kalmomin da suka ƙare da -awa a rukunin ƙabilu ya bi sautin kalma ya bar ma'anarta. Haka nan sunayen ma-…-i irin su manomi da maƙeri galibinsu matsayi ne, amma da yake ƙira sana'ar gado ce, "maƙeri" tana iya nufin mai aikin ƙira, tana kuma iya nufin ɗan gidan maƙera wanda bai taɓa riƙe masaba ba.

4. Kurakurai biyar

4.1. Ɗaukar mataki ko matsayi a bakin asali

A ɗauka ana shirya taswirar kalmomin kiwo, aka jera waɗannan a layi ɗaya a ƙarƙashin "shanu": sa, saniya, maraƙi, karsana, takarkari. A ido jerin ba shi da aibi. Amma sa da saniya reshe ne, maraƙi da karsana mataki ne, takarkari kuwa matsayi ne, domin aikin ɗaukar kaya ne ya mai da sa takarkari. Idan na'ura ta ɗauke su a matsayin nau'o'i biyar masu zaman kansu, ranar da karsana ta haihu sai dai a share ta a buɗe wa "sabuwar" saniya shafi, tarihin allurarta ya ɓace. Wajen ƙidaya kuma sa ɗaya yana iya fitowa sau biyu.

A fannin dabbobi asarar ta lissafi ce. A fannin mutane ta fi haka nauyi. Kalmar Azna, wadda a wasu wurare ake cewa Anna ko Arna, ta sha fitowa a rubuce-rubucen Faransanci kamar sunan wata al'umma, har ake kiran Sarauniyar Lugu sarauniyar Azna. Alhali abin da kalmar take nunawa shi ne bin addinin kakanni, hali ne kuma da ake fita daga cikinsa. Littafin Adeline Masquelier na 2001 a kan bori a Dogondutsi ya nuna yadda Musulunci ya yi ta yaɗuwa a garin, har masu bin tsohuwar hanya suka zama ƴan tsiraru. Mutanen farko na yankin kuwa, waɗanda Marc-Henri Piault ya yi nazari a kansu a littafinsa na 1970 a kan tarihin Mawri, Gubawa ake ce musu, wannan kuma sunan zuri'a ne.

To, idan mai zane ya sa "Gubawa" a ƙarƙashin "Azna", ya karya ƙa'ida ta biyu, ya ɗora zaunanne a kan mai gushewa. Na'ura ba ta da mafita sai ɗaya daga cikin biyu: ko ta ce kowane Bagube azne ne, ko da limami ne, ko kuwa ta ce wanda ya musulunta ya fita daga zuri'ar ubansa. Dukansu ƙarya ne, kuma dukansu suna iya ɓata wa mutane rai idan suka fito a littafin makaranta. Gyaran shi ne a ajiye "mutum" a matsayin asali, a rataya masa zuri'a ta hanyar haihuwa, a rataya masa addini a wani layi dabam mai ɗauke da lokaci.

4.2. Haɗa mutum da kujerarsa

A watan Afirilu na 1899 mutanen Lugu suka yi yaƙi da rundunar Voulet da Chanoine a zamanin Sarauniya Mangu. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, sun yaɗa sunan Sarauniya a duniya, har da yawa suka ɗauka sunan yanka ne na mace ɗaya. A Lugu kuwa Sarauniya kujera ce da mata suka yi ta hawa kafin Mangu da bayanta. Idan mai kujerar ta rasu, ta hanyar al'adar tarkama ake gane magajiyarta, watau a ɗauki gawar, wadda ta nuna ita ce za ta gaje ta.

Idan taswira ta ba "Sarauniya" shafi ɗaya na mutum, duk abin da aka ruwaito game da kowace mai kujerar zai taru a kan mace ɗaya, ta zama ita ce wadda tarihin baka ya ce ta taso daga Daura tare da dutsen Tunguma, ita ce kuma ta yi yaƙin 1899. Ana gane wannan kuskuren da jimloli (2) da (3) na sama. Da a ce "ce" ɗin nan biyu iri ɗaya ne, da sai jimla (5) ta biyo baya. Alamar tauraro tana nuna jimlar da mai harshe ba zai karɓa ba:

(5) *Mangu sarauta ce.

Gyaran yana buƙatar abu uku: mutum, da kujera, da ƙullin da ya haɗa su daga shekara kaza zuwa shekara kaza. Da zarar an fito da ƙullin fili, wani kuskuren yakan bayyana. Sau da yawa akan jera Sarauniyar Lugu da Baura na Bagaji tare da Samna na Tibiri da Sarkin Arewa, wanda tsohuwar fadarsa take Matankari, a ƙarƙashin "sarakunan gargajiya". Amma aikin Piault ya bambanta ikon ƴan ƙasa, wanda ya shafi ƙasa da iskokinta, da ikon sarauta na Arawa, wanda ya shafi mulkin jama'a da yaƙi. Hanyar hawa kujerun ba ɗaya ba ce, aikinsu ma ba ɗaya ba ne. In ana son a tara su, sai dai a yi musu babban rukuni na muƙamai, sa'an nan a raba shi gida biyu.

4.3. Rabawa da ma'auni biyu a lokaci guda

Akan ga jerin da ya sa "Mawri" a matsayin reshen Hausawa, tare da Gobirawa da Katsinawa da Adarawa. Ga Mawrin Dogondutsi da Matankari da Tibiri, waɗanda suke kiran kansu Arawa, zancen ya yi daidai, tun da Hausa suke yi. Amma akwai Mawri a yankin Loga da Sokorbe, a cikin jihar Doso ɗin nan, waɗanda harshensu Zabarmanci ne. Idan taswira ta ce kowane Mawri Bahaushe ne, kuma kowane Bahaushe Hausa yake ji, sai ta aika da littattafan Hausa garin da ba a yin ta. Idan kuma aka gudu daga wannan aka sa Mawri ƙarƙashin Hausawa da Zabarmawa duka biyu, bayan an riga an ce rukunonin biyu ba sa haɗuwa, sai rukunin Mawri ya zama wanda babu mai iya shigarsa.

Tushen matsalar shi ne an raba mutane da ma'auni biyu, na tarihin zuri'a da na harshe, aka zuba sakamakon a bishiya ɗaya. Ƙa'idar ita ce kowace rabawa ma'auni ɗaya gare ta, kuma a rubuta sunan ma'aunin a jikin zanen. Harshe dangantaka ce tsakanin mutum da abin da yake ji, kuma mutum ɗaya yana iya jin biyu ko uku.

4.4. Ɗaukar "yana cikin" a bakin "ne"

Lugu tana cikin ƙaramar hukumar Ɗankasari, Ɗankasari tana cikin gundumar Dogondutsi, Dogondutsi tana cikin jihar Doso. Wannan jeri yana kama da na maraƙi da shanu da dabbobi, shi ya sa ake zana su da layi iri ɗaya. Amma maraƙi dabba ne, Lugu kuwa ba jiha ba ce, yankinta ce. Siffar babban rukuni tana sauka kan ƙarami: in dabba tana numfashi, maraƙi yana yi. Siffar jiha kuwa ba ta sauka kan ƙauye: jihar Doso tana da gwamna, tana iyaka da ƙasar Benin, Lugu ba ta da ko ɗaya.

Bugu da ƙari, wannan dangantaka tana canjawa. Dokar 1964 ta raba Nijar zuwa manyan yankuna 7 da ake kira departama, Doso tana cikinsu, Dogondutsi kuwa arondisma ce a ƙarƙashinta. Dokar 2002 ta mai da manyan yankunan jihohi, sunan departama ya sauko kan tsoffin arondisma. A 2011 aka cire Tibiri daga Dogondutsi ta zama gunduma mai zaman kanta. Saboda haka "departama" ta 1980 da ta 2015 ba abu ɗaya ba ne, Dogondutsin 2005 da ta 2015 ma ba faɗinsu ɗaya ba. Wanda ya gwada yawan masu karatu na shekarun biyu ba tare da lura da haka ba zai ga raguwar da ba ta faru ba. Gyaran shi ne a ɗauki ƙauye a matsayin abin da ke ɗorewa, a ɗauki shigarsa wata gunduma a matsayin ƙulli mai kwanan wata.

4.5. Suna ɗaya, abu biyu

Kalmar Arewa tana nufin kusurwa ɗaya daga cikin huɗu, tana nufin ƙasar Arawa da muke magana a kanta, tana nufin arewacin Nijeriya a bakin mutanen can, akwai kuma ƙaramar hukumar Arewa a jihar Kabi mai hedkwata a Kangiwa. Tibiri biyu ce, ta Gobir a jihar Maraɗi da ta jihar Doso. Hatsi a Hausar Kano babban rukuni ne da ya haɗa gero da dawa, amma a wurare da dama na Nijar in manomi ya ce hatsi gero yake nufi. Idan aka ba kowace daga cikin waɗannan kalmomi gurbi ɗaya, sai hatsi ya zama uban kansa, ya zauna sama da gero kuma ya zama shi ne geron. Ƙamus kalma yake jerawa, sa'an nan ya rarraba ma'anoninta. Taswira kuwa ma'ana take jerawa, sa'an nan ta rataya wa kowace sunayenta tare da karin harshen da ake faɗinsu.

5. Hanyoyin ganowa

5.1. Jimlolin gwaji

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar na'ura. Jimloli ne da mai bincike zai gabatar wa masu harshe, ya ji ko sun karɓa.

Gwajin ɗorewa: "Da kaza ne, yanzu ba kaza ba ne, amma yana nan." In an karɓa, rukunin mai gushewa ne. "Da maraƙi ne, yanzu ba maraƙi ba ne" daidai ne. "*Da akuya ce, yanzu ba akuya ba ce, amma tana nan" ba ya zaunawa.

Gwajin dogaro: "Na wa?" Kishiya kishiyar wata ce, ɗalibi ɗalibin wata makaranta ne. In kalma ba ta cika sai da wannan amsar, matsayi ce, sai a nemo ƙullinta. In babu "na wa" amma tana gushewa, mataki ce.

Gwajin ƙirga: "In mutum ɗaya ya shiga sau biyu, nawa ke nan?" In amsar biyu ce, to, ba mutane ake ƙirgawa ba, ƙulli ake ƙirgawa.

Gwajin "kowane": "Kowane kaza kaza ne?" Wannan shi ke raba reshe da yanki, shi ke kuma tona reshen da yake da togaciya, irin na Mawri.

Akwai abin lura a nan. Wani lokaci amsar mai harshe takan saɓa wa tsammanin mai bincike. A cikin tatsuniya mutum yana rikiɗa ya zama kura, a fagen bori kuma ana kiran wanda iska ta hau doki ko goɗiya. Na biyun matsayi ne a fili, ƙullinsa shi ne hawan iska, don haka ba a sa shi cikin dabbobi. Na farkon kuwa yana nuna cewa tilas taswira ta faɗi duniyar da take bayani a kai, ko ta tatsuniya ce, ko ta aƙidar wasu mutane, ko ta ofishin ƙidaya. Dutsen Tunguma, wanda ake zuwa Lugu neman hukuncinsa, asalinsa dutse ne. Cewa yana yanke hukunci matsayi ne da masu zuwa wurinsa suka ba shi, kuma da sunansu ya kamata a rubuta shi. Mai zane ba aikinsa ba ne ya gaskata ko ya ƙaryata.

5.2. Taimakon na'ura

Idan an riga an yi wa kowane rukuni alamar irinsa, kwamfuta tana iya kama keta ƙa'ida nan take: zaunanne a ƙarƙashin mai gushewa, matsayi marar ƙulli, abu mai asali biyu. Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ake juya taswirar zuwa harshen Alloy na Daniel Jackson, na'ura ta riƙa ƙirƙiro misalan duk abin da taswirar ta halatta. In ta fito da mace wadda take kishiyar kanta, ko ƙauyen da yake cikin gundumomi biyu a rana ɗaya, mai zane ya san ya bar wata ƙofa a buɗe. A 2015 Tiago Prince Sales da Guizzardi suka wallafa jerin irin gine-ginen da suka lura suna yawan jawo kuskure, domin a riƙa nemansu da gangan.

Sai dai iyakar na'ura a fili take. Ba ta san ko "azne" zaunanne ne ko mai gushewa ba sai an gaya mata. In aka yi masa alamar asali, taswirar za ta wuce kowane gwaji lami lafiya, alhali ƙarya take ɗauke da ita. Wannan hukuncin na masanin harshe ne da masu harshen.

6. Abin da ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci

Gwajin ƙirga ya shafi aikinsu kai tsaye. "Ɗalibin ajin manya" matsayi ne, ƙullinsa rajista ce. Matar da ta shiga aji bana, ta bari saboda aikin damina, ta sake shiga baɗi, rajista biyu ce amma mutum ɗaya ce. In rumbun bayanai bai raba su ba, yawan waɗanda aka koyar zai kumbura, kasafin littattafai da na malamai ya ginu a kan adadin da babu shi. Haka nan "wanda ya iya karatu" mataki ne da ake iya komawa baya daga gare shi in babu abin karantawa, kuma ya danganta da rubutun da ake nufi, tun da wanda ya iya ajami bai iya boko ba ba jahili ba ne.

Saboda haka muna ba da shawarar duk ƙungiyar da za ta shirya kalmomin wani fanni ta bi wannan tsari. Da farko a tattara kalmomi tare da garin da aka ji su. Na biyu a raba ma'anonin kowace kalma kafin a ba ta gurbi. Na uku a fitar da asali, waɗanda a kowane fanni ba su cika yawa ba. Na huɗu a bi sauran da jimlolin gwaji, a yi wa kowace alama, a rubuta ma'aunin kowace rabawa da shekarun kowane ƙulli. Na biyar a mai da zanen zuwa jimlolin Hausa sassauƙa, a karanta wa mutanen da abin ya shafa. Jimla irin "kowane Bagube azne ne" ba za ta wuce zauren wani dattijon Lugu ko na Bagaji ba tare da an tsai da mai karanta ta ba, alhali a cikin zane tana iya shekara goma ba wanda ya kula da ita.

Sunayen da muka gabatar a sashe na 2, watau asali, reshe, mataki, matsayi, ƙulli da inuwa, shawara ce. Muna fatan abokan aikinmu na Yamai da Damagaram da Kano da Sakkwato za su gwada su a fannonin da suke bincike, musamman kalmomin gado da na mallakar gona, inda kuskuren rarrabewa yake iya kai mutane gaban alƙali.